Tsagaita wutar haraji tsakanin Amurka da Sin: tambayoyi da amsoshi

Daga 2018 zuwa ƙarshen 2025, sau da dama Amurka da ƙasar Sin suna sanar da cewa sun jingine ƙarin harajin da suke ɗora wa kayan juna domin a zauna a tattauna. Wasu lokutan abin ya ɗore, wasu lokutan ko wata biyu bai yi ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan yadda ake ƙulla irin wannan yarjejeniya, da abin da ke cikinta, da inda take yagewa.

Mene ne tsagaita wutar haraji?

Harajin da ake magana a kai shi ne kuɗin fito, wanda kwastam ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga waje. Idan ƙasashe biyu suka shiga ramuwar gayya, wannan ta ƙara waccan ta ƙara, sai a nemi a tsaya haka nan na wani wa'adi. Tsayawar iri uku ce. Akwai wadda ake jinkirta ƙarin da aka riga aka sa wa rana, kamar yadda aka yi a Buenos Aires a Disambar 2018. Akwai wadda ake sauko da harajin da ya riga ya fara aiki, na ɗan lokaci, kamar ta Geneva a Mayun 2025. Akwai kuma alƙawarin cewa ba wanda zai ƙirƙiro sabon shinge, irin wanda ƙasashen G20 suka ɗauka a Washington a Nuwamban 2008 na tsawon wata 12.

Duka ukun ba yarjejeniyar ciniki ba ce. Kamar mai bin bashi ne ya ɗaga wa mutum ƙafa na wata uku: bashin yana nan, ranar biya ce kawai ta matsa.

Ta yaya harajin Amurka a kan kayan Sin ya kai kashi 145 cikin 100?

Hawa-hawa ne, amma cikin sauri. A Fabrairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta ɗora kashi 10 a kan kayan Sin, tana zargin Beijing da sakaci kan sinadaran da ake haɗa ƙwayar fentanyl da su. A Maris ta mai da shi kashi 20. Ranar 2 ga Afrilu aka sanar da wani sabon haraji a kan kusan duk ƙasashen duniya, rabon Sin a ciki kashi 34. Sin ta rama da 34. Amurka ta mai da nata 84, Sin ma ta bi, Amurka ta kai 125. Idan aka haɗa 125 da 20 na fentanyl, shi ne 145 ɗin. Sin ta tsaya a 125, ta ce ko an ƙara ba za ta sake kulawa ba, tunda a wannan farashin babu sauran kayan Amurka da za su sayu a kasuwarta. Duk wannan tseren na Afrilu bai wuce kwana goma ba.

Me aka amince da shi a Geneva?

An zauna ranakun 10 da 11 ga Mayu, aka fitar da sanarwar haɗin gwiwa ranar 12, ta fara aiki ranar 14. Sakataren baitulmali Scott Bessent da wakilin ciniki Jamieson Greer ne suka wakilci Amurka, mataimakin firaminista He Lifeng ya jagoranci tawagar Sin.

Kowane ɓangare ya sauko da maki 115, amma ba duka ne iri ɗaya ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Maki 91, wato abin da aka ƙara a tseren ramuwa, an soke su gaba ɗaya. Maki 24 daga cikin 34 na asali an dakatar da su ne na kwana 90. Maki 10 kuma aka bar su suna aiki. Shi ya sa harajin Amurka ya koma 30, wato 10 da 20 na fentanyl, na Sin kuma ya koma 10. Ma'anar haka ita ce ko da tattaunawa ta rushe a ƙarshen wa'adi, abin da zai dawo da kansa shi ne maki 24, harajin ya zama 54, ba 145 ba. Duk wanda ke son komawa 145 sai ya sake sa hannu a sabon umarni.

Akwai wani sakin layi guda da bai ja hankali ba a ranar: Sin ta yarda za ta dakatar ko ta cire matakan da ba na haraji ba waɗanda ta ɗauka tun 2 ga Afrilu. Wannan layin ne ya kusa cinye yarjejeniyar bayan mako biyu.

To kenan bayan Geneva mai shigo da kaya daga Sin kashi 30 ya biya?

A'a. Harajin ɗaya kan ɗaya ake jera su. Tun 2018 da 2019 akwai na sashe na 301 na dokar ciniki ta 1974, wanda yake kashi 25 a kan wasu kaya, 7.5 a kan wasu, kuma gwamnatin Joe Biden ta kai na motocin lantarki kashi 100 a 2024. Ƙarfe da gorar ruwa, wato alminiyum, suna da nasu daban a ƙarƙashin sashe na 232 na wata dokar. Geneva ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ɗauki kwantenar kayan ɗaki ta dala 20,000 da ke cikin jerin kashi 25. A tsakiyar Afrilu harajinta 145 da 25 ne, kashi 170, dala 34,000 kenan, fiye da kuɗin kayan. Bayan 14 ga Mayu ya koma kashi 55, dala 11,000. Sauƙi ne babba, amma har yanzu ya ninka abin da ake biya a farkon shekarar fiye da sau biyu.

Wa ke biyan kuɗin?

Kamfanin da ya shigo da kayan, wanda sunansa ke kan takardar kwastam. Gwamnatin ƙasar da ta turo kayan ba ta biyan sisi. Daga nan sai a raba nauyin: masana'anta ta rage farashi kaɗan, mai shigowa ya haƙura da wani ɓangare na riba, saura ya hau kan mai saye. Binciken da masana tattalin arziki suka yi kan harajin 2018 da 2019 ya nuna kusan duk nauyin a cikin Amurka ya sauka. Manoman waken soya kuma ramuwar Sin ce ta same su, har gwamnati ta ware kimanin dala biliyan 28 a waɗannan shekaru biyu don tallafa wa manoma.

Me ya sa kullum kwana 90?

Babu dokar da ta ce sai 90. Wa'adi ne da ya isa a ba masana'anta oda, a ƙera, a loda, jirgi ya ketare teku, wanda ke ɗaukar mako biyu zuwa uku zuwa gaɓar yammacin Amurka, fiye da wata guda zuwa gaɓar gabas. Kuma bai yi tsawon da matsin lamba zai saki ba. Amma ga ainihin yarjejeniyar ciniki, ba ya isa ko kusa. Sabunta yarjejeniyar Amurka da Kanada da Mexico an fara ta a Agustan 2017, aka sa hannu a Nuwamban 2018, ba ta fara aiki ba sai Yulin 2020, alhali maƙwabta ne da suka saba da juna.

Illar gajeren wa'adi a fili take. Kowa sai ya yi rige-rigen shigo da kaya kafin ranar ta cika, kuɗin dakon kwantena ya tashi, tashoshi su cunkushe, bayan nan kuma kasuwa ta yi sanyi domin ɗakunan ajiya sun cika. Wanda ke tunanin gina masana'anta ta shekara ashirin kuwa, kwana 90 ba su gaya masa komai.

Yaya ake shirya zaman, daga farko har ya zama doka?

Matsala ta farko ita ce wa zai fara kira. A Afrilun 2025 Trump yana cewa ana magana, ma'aikatar harkokin wajen Sin tana cewa babu wata magana. Ba wanda ke son mutanensa su ga shi ne ya rusuna. Maganin da aka samu shi ne ƙasa ta uku: He Lifeng ya je Suwizalan bisa gayyatar gwamnatinta, Bessent ma yana da ganawa da shugabar ƙasar, sai aka haɗu a wani gidan jakada da ke Geneva. Ko a hakan sai da Beijing ta nanata cewa Amurka ce ta nemi zaman.

Bayan an sami wuri, ƙananan jami'ai ne ke fara aiki: su daidaita abin da za a tattauna da abin da ba za a taɓa ba. Ministoci su shigo su yanke manyan lambobi. Lauyoyi su zauna kan rubutun a harsuna biyu, kalma bayan kalma. Daga nan kowace tawaga ta kai wa shugabanta. A Stockholm, ƙarshen Yulin 2025, tawagar Sin ta fito ta ce an amince a tsawaita, ta Amurka ta ce sai Trump ya yarda tukuna, kuma bai sa hannu ba sai 11 ga Agusta, ana saura sa'o'i wa'adi ya cika.

Sanarwa kaɗai ba ta sauya abin da jami'in kwastam zai karɓa. A Amurka sai shugaban ƙasa ya fitar da umarni, a gyara babi na 99 na kundin jadawalin haraji, a buga a jaridar gwamnati, hukumar kwastam ta aika wa dillalai bayanin lambar da za su shigar. A Sin, hukumar haraji ta majalisar gudanarwa ce ke fitar da sanarwa, batun izinin fitar da kaya kuma na ma'aikatar ciniki ne. Har sa'ar farawa ana daidaitawa: ta Geneva ta fara ƙarfe 12:01 na dare a gabashin Amurka, daidai da 12:01 na rana a Beijing, don kada a ce wani ya riga wani saukowa.

Kayan da ke kan teku lokacin da aka sauya haraji fa?

Ƙa'idar ita ce harajin ranar da aka shigar da takardun fitar da kaya daga hannun kwastam, ba ranar da aka saya ko aka loda ba. Idan haraji zai hau, wani lokaci ana sa sassauci: a Mayun 2019, kayan da suka bar Sin kafin ranar 10 sun ci gaba da biyan kashi 10 muddin sun iso kafin 1 ga Yuni, daga baya aka ƙara zuwa ranar 15. Idan haraji zai sauka kuwa, ba a komawa baya. Wanda ya fitar da kayansa ranar 13 ga Mayun 2025 ya biya 145, maƙwabcinsa da ya jira kwana ɗaya ya biya 30.

Saboda haka ne ɗakunan ajiya na kwastam suka yi tsada a lokacin. A irin wannan ɗaki ana iya barin kaya har shekara biyar ba a biya ba, kuma harajin ranar fitarwa ake biya. Yankunan ciniki na musamman ba su ba da wannan dama ba, domin umarnin shugaban ƙasa ya tilasta a kulle harajin tun ranar shigar kayan.

Me ya rusa tsagaitawar 2018?

Tun daren da aka ƙulla ta akwai ɓaraka. Trump da Xi Jinping sun ci abinci tare ranar 1 ga Disamba, aka amince harajin kashi 10 a kan kayan dala biliyan 200 ba zai koma 25 ba ranar 1 ga Janairu. Amma ba a fitar da sanarwa ɗaya ba, kowa tasa ya fitar. Ta Amurka ta ambaci kwana 90 da abin da zai biyo baya, ta Sin ba ta ambaci wa'adin ba da farko. A wannan ranar kuma aka kama Meng Wanzhou, babbar jami'ar kuɗi ta Huawei, a Vancouver bisa buƙatar Amurka.

Duk da haka an yi nisa, har Trump ya ɗage wa'adin a ƙarshen Fabrairu. A farkon Mayu Amurka ta ce Sin ta goge daga daftarin alƙawuran da ta yi na sauya dokokinta kan mallakar fasaha da tilasta wa kamfanoni miƙa sirrin sana'arsu. Liu He, jagoran tawagar Sin, ya ce su ma suna da sharuɗɗa uku: a cire harajin duka, adadin kayan da za su saya ya zama na hankali, rubutun kuma ya mutunta ɓangarorin biyu. Ranar 10 ga Mayu haraji ya hau 25. Tsagaitawar da aka sake yi a Osaka ranar 29 ga Yuni ta fi wannan gajarta, domin ranar 1 ga Agusta aka sanar da sabon haraji.

Ta Geneva kuma me ya kusa kashe ta?

Maganaɗisu. Ranar 4 ga Afrilun 2025 Sin ta sa dokar neman izini kafin a fitar da wasu ma'adanai bakwai masu wuyar tacewa, irin su dysprosium da terbium, da maganaɗisun da ake yi da su. Kusan kashi 90 na tace waɗannan ma'adanai a duniya a Sin ake yi, kuma suna cikin injin motar lantarki, na'urar ɗaga gilashin mota, jirgin yaƙi, da fankar samar da lantarki daga iska. Amurka ta ɗauka Geneva ta buɗe wannan ƙofa. Sin ta ɗauka dokar ta kowa ce, ba ramuwa ga Amurka kaɗai ba, don haka tana nan, sai dai a bi layi a nemi lasisi, wanda kan ɗauki makonni.

Kafin ƙarshen Mayu kamfanonin mota sun fara kuka. Ford ya rufe wata masana'antarsa a Chicago na mako guda. Amurka ta mai da martani da irin makamin: ta taƙaita sayar wa Sin manhajojin zana ƙwaƙwalwar kwamfuta, da iskar ethane, da kayan injin jirgin sama. Haraji bai motsa ba ko da maki ɗaya, amma yarjejeniyar tana mutuwa. Sai da shugabannin biyu suka yi waya ranar 5 ga Yuni, aka sake zama a Landan ranakun 9 da 10, aka rubuta yadda za a aiwatar da abin da aka ce an riga an amince da shi.

Darasin da masu tattaunawa suka ɗauka a nan na aiki ne: lambar haraji ba ta da fassara biyu, 30 dai 30 ce, amma layi irin "matakan da ba na haraji ba" sai an lissafa su ɗaya bayan ɗaya, da ranar cirewa, da hukumar da za ta cire.

Me aka yi a Busan?

Kafin ganawar Busan ta Oktoban 2025 an sake shiga irin wannan rikici. Ranar 29 ga Satumba Amurka ta faɗaɗa jerin kamfanonin da ta hana sayen fasaharta ya haɗa da duk reshen da suka mallaki rabinsa ko fiye. Ranar 9 ga Oktoba Sin ta tsaurara dokar ma'adanai har ta shafi kayan da aka ƙera a wasu ƙasashe. Washegari Trump ya yi barazanar ƙarin kashi 100 daga 1 ga Nuwamba. Ranar 14 kowacce ta fara karɓar kuɗin tasha daga jiragen ɗayar, Amurka dala 50 kan kowane tan, Sin yuan 400.

Ministoci suka zauna a Kuala Lumpur, shugabannin suka gana a Busan ta Koriya ta Kudu ranar 30 ga Oktoba. An rage harajin fentanyl daga 20 zuwa 10. An tsawaita dakatar da maki 24 har 10 ga Nuwamban 2026. Dokar ma'adanai ta 9 ga Oktoba, dokar rassan kamfanoni, da kuɗin tasha, duk an jingine su na shekara guda. A lura: yawancin abin da aka jingine a Busan abubuwa ne da aka ƙirƙiro cikin makonni biyar kafin ganawar. Tsohuwar dabara ce, a tara abin da za a sauke a teburi. Batun tallafin da Sin ke ba masana'antunta, wanda shi ne tushen rigimar, ba a warware shi ba.

Alƙawarin sayen kaya abin dogaro ne?

Tarihinsa ba shi da kyau. A yarjejeniyar 15 ga Janairun 2020 Sin ta yi alƙawarin ƙara sayen kayan Amurka na dala biliyan 200 cikin shekara biyu a kan abin da ta saya a 2017. Lissafin cibiyar Peterson da ke Washington ya nuna ta cika ƙasa da kashi 60 na jimillar da aka yi alƙawari, wato ko matakin 2017 ba a wuce ba. Annobar korona ta taka rawa, amma lambar tun farko ta siyasa ce.

Bayan Busan fadar White House ta ce Sin za ta sayi tan miliyan 12 na waken soya a ƙarshen 2025 da tan miliyan 25 kowace shekara har 2028. Sanarwar Beijing ba ta faɗi adadi ba. Kuma a ƙarshen 2025, tunda maki 10 na Sin suna nan, waken Amurka yana biyan kashi 13 a tashar Sin, na Brazil kashi 3. Ɗan kasuwa mai neman riba ya san inda zai dosa, don haka sayen ya fi rataya a wuyan kamfanonin gwamnati.

Me ke tilasta wa ƙasa ta sauko?

Ba kasafai daɗin baki ke yi ba. Ranar 9 ga Afrilun 2025, sa'o'i 13 kacal bayan sabon harajin ya fara aiki a kan ƙasashe da dama, Trump ya dakatar da shi na kwana 90 ya bar kashi 10, ban da Sin. Abin da ya faru a tsakani shi ne masu zuba jari sun fara zubar da takardun lamunin gwamnatin Amurka, kuɗin ruwan da take biya yana hawa, shi kansa ya ce ya ga mutane sun firgita. Da sanarwar ta fito, ma'aunin hannayen jari na S&P 500 ya tashi da kashi 9.5 a yini ɗaya. Manyan kantuna ma sun yi gargaɗin cewa kantocinsu za su bushe. A ɓangaren Sin, masana'antun da ke gaɓar kudu da gabas sun fara rasa oda, a lokacin da kasuwar gidaje ke durƙushe kuma matasa ke fama da rashin aiki.

Sauran ƙasashe me suka samu daga nasu kwana 90?

An yi ta cewa za a ƙulla yarjejeniya 90 cikin kwana 90. Da 9 ga Yuli ta zo, Birtaniya da Vietnam ne kawai aka sanar, sai aka ɗage zuwa Agusta. Tarayyar Turai ta amince da ramuwa a kan kayan yuro biliyan 21, ta jingine ta washegari, daga ƙarshe ta karɓi kashi 15 a ƙarshen Yuli. Japan ma 15 ta samu, tare da alƙawarin zuba dala biliyan 550, kuma sai da aka ƙara makonni ana gardama ko 15 ɗin ya haɗa da tsohon haraji ko a kansa za a ɗora, domin ba a rubuta ba. Kanada da Mexico sun sami kwana 30 a Fabrairu bayan alƙawarin ƙara tsaro a iyaka, harajin ya hau ranar 4 ga Maris, bayan kwanaki kaɗan aka keɓe kayan da suka cika sharuɗɗan yarjejeniyarsu.

Ina Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a duk wannan?

A ƙa'idar WTO kowace ƙasa tana da iyakar harajin da ta yi alƙawarin ba za ta wuce ba, kuma ba ta da ikon fifita wata ƙasa a kan wata sai da yarjejeniya ta musamman. A Satumban 2020 kwamitin ƙungiyar ya yanke cewa harajin sashe na 301 ya saɓa ƙa'ida. Amurka ta ɗaukaka ƙara, alhali kotun ɗaukaka ƙarar ta daina aiki tun Disambar 2019 saboda Amurkar ta hana naɗa alƙalai. Shari'ar ta tsaya a nan. Shugabar ƙungiyar, Ngozi Okonjo-Iweala, ta yi gargaɗi a Afrilun 2025 cewa cinikin kaya tsakanin ƙasashen biyu zai iya faɗuwa da kashi 80. An zauna a Geneva, birnin da hedikwatar ƙungiyar take, amma ba ita ta shirya zaman ba.

Shugaban Amurka shi kaɗai ke da wannan ikon?

Tsarin mulki majalisa ya ba ikon haraji, ita ce ta ara wa shugaban ƙasa wani ɓangare ta dokoki daban-daban. Harajin Afrilu da na fentanyl an jingina su ne a kan dokar dokar-ta-ɓaci ta tattalin arziki ta 1977, wadda ba ta buƙatar bincike ko jin ra'ayin jama'a. Wannan ne ya sa a 2025 aka riƙa hawa da sauka cikin dare ɗaya. Kotun ciniki ta yanke a Mayun 2025 cewa an wuce gona da iri, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayanta a Agusta, Kotun Ƙoli ta saurari ɓangarorin ranar 5 ga Nuwamban 2025. Sauran hanyoyin sun fi nauyi: sashe na 301 da na 232 sai an yi bincike, sashe na 122 kuma bai wuce kashi 15 da kwana 150 ba sai majalisa ta tsawaita.

An taɓa yin wadda ta ɗore?

An yi. Rigimar tallafin Boeing da Airbus tsakanin Amurka da Tarayyar Turai ta faro tun 2004, ta kai ga haraji a kan kayan dala biliyan 7.5 daga wannan ɓangare, biliyan 4 daga wancan. A Maris 2021 aka dakatar na wata huɗu, a Yuni aka mai da shi shekara biyar. Batu ɗaya ne, jerin kayan sananne ne, kuma dukansu suna hangen abokin gasa ɗaya, wato kamfanin jiragen sama na Sin. Akasin haka shi ne tsagaitawar 1933 da aka yi gabanin taron tattalin arziki na Landan: ƙasashe da yawa sun shiga, kowacce da nata togaciya, taron ya watse kan batun darajar kuɗi, kafin shekara ta ƙare suka fara ficewa.

Wannan ya shafi Najeriya da maƙwabtanta?

Ta hanya uku. Ta farko kai tsaye ce: a jerin Afrilun 2025 an sa wa Najeriya kashi 14, dakatarwar ta mai da shi 10, a Agusta ya zama 15, daidai da na Ghana. Najeriya ba ta rama ba. Ɗanyen mai da iskar gas, waɗanda su ne mafi yawan abin da take sayar wa Amurka, ba sa cikin harajin, kuma a Nuwamba an cire koko daga ciki. Sauran kayan da ba na mai ba su ne suka ji a jikinsu.

Ta biyu ta fi zafi, ita ce farashin mai. Kasafin Najeriya na 2025 an gina shi a kan dala 75 kowace ganga. A makon da tseren haraji ya yi tsanani farashin ya faɗi ƙasa da 65, saboda fargabar ciniki zai ja baya da kuma ƙarin haƙo da ƙasashen OPEC da ƙawayensu suka sanar. Ƙarancin dala a hannun gwamnati yana komawa kan naira.

Ta uku ita ce inda kayan Sin ke dosa idan ƙofar Amurka ta ƙuntata. Fitar da kayanta zuwa Afirka ya ƙaru sosai a 2025. Ga mai sarin atamfa da yadi a Kantin Kwari, ko mai shigo da faifan sola, wannan na iya zama rangwame daga masana'antar da ke neman mai saye. Ga masana'antun cikin gida kuwa ƙarin gasa ne. Idan kuma aka tsagaita, kamfanonin jiragen ruwa kan karkatar da jirage da kwantenoni zuwa hanyar Amurka mai tsoka, don haka mai oda daga Guangzhou ko Yiwu zuwa Legas ko Kwatano ya kamata ya nemi a rubuta masa kuɗin dako da wa'adin ingancinsa kafin ya biya kafin alƙalami. A nata ɓangaren, Sin ta sanar a Changsha a Yunin 2025 cewa za ta cire haraji a kan kayan ƙasashen Afirka 53 da ke da hulɗar jakadanci da ita. Mai fitar da riɗi ko citta zai amfana da hakan ne idan kayansa sun cika sharuɗɗan tsafta da takardar asalin kaya da kwastam ɗin Sin ke nema.